Yadda Na Tsayar da Motocin Soja a Bakin Volta

Tun ranar da na dawo ba a bar ni na sayar da nama cikin natsuwa ba. Wanda ya zo sayen hanta sai ya jingina da teburi ya ce wai da gaske ne mota tana iyo. Kuma na ji labarin ya fara yin ƙafa: a unguwar Maamobi ana cewa na nutsar da tankar yaƙi, a unguwar Newtown an ce an kulle ni kwana uku. Babu ko ɗaya. Shi ya sa na sayi littafin rubutu don in faɗi yadda aka yi sau ɗaya, wanda ya tambaya in miƙa masa. Karatuna bai wuce aji shida ba, amma abin da na rubuta na gan shi da idona.

Sunana Garba, mahauci ne ni a kasuwar Nima, kamar mahaifina. A unguwa Sake-Duba ake ce mini, saboda in na kulle shago sai na dawo na ja kwaɗon sau uku, wani lokaci daga bakin titi. Mai ɗakina Hajara ta daɗe da daina magana a kai, sai dai ta nemi inuwa ta tsaya. Ruwa kuwa ba ma shiri da shi. Ina yaro na ga babbar kwatar ruwa ta Nima ta cika ta tafi da kes ɗin wani mai gyaran rediyo, rediyon ciki tana ta magana. Shekaruna arba'in da tara a Accra, ban taɓa sa ƙafa a teku ba.

Wanda ya jawo tafiyar shi ne Saje Awudu, ƙanin Hajara. Ya zo wata Juma'a ya ce za su atisayen ƙetare ruwa a kogin Volta na kwana biyar, kukunsu Musulmi da ke yi musu yanka ya karye a hannu, kuma sojoji Musulmi suna da yawa a cikinsu. Babbansu ya yarda a zo da mahauci daga waje, shi kuma ya ba da sunana. Na ce masa ai ya san ni da ruwa. Ya ce, "Mijin Yaya, ruwan ma ba zai san ka zo ba."

Da ya tafi Hajara ta zaunar da ni. Ta ce Awudu shekara bakwai yana saje, bana sunansa ya shiga cikin waɗanda za a ƙara wa girma, kuma a wannan atisayen manya za su sa masa ido. Mahaifiyarsu a Maamobi ta ɗaure rago saboda ranar tun shekara biyu da suka wuce, ragon har ya soma tsufa. Ta ce in yanka abin da aka ce in yanka, kada in taɓa komai. Na ce mata ai ni ba mai taɓe-taɓe ba ne. Ta dube ni.

Farar hula ba ya shiga ayarin soja, don haka tashar Tudu na je na hau trotro, motar haya. A jakata akwai wuƙaƙe uku, dutsen wasawa, buta, darduma, da wando biyu. Maganar wandon tana da muhimmanci. Ina da wandon yanka, ina da wandon salla, kuma ba sa haɗuwa. Da na gama aiki sai in cire na yankan in ƙulle shi a leda, saboda jini.

Matar da ke gefena ta ɗora kwanon ƙaguwa masu rai a cinyarta. Kafin mu wuce Ashaiman ɗaya ta fita. Ta ce kada kowa ya damu, ba ta cizo sai an taka ta. Daga nan har Kpong ƙafafuna suna sama. A Kpong masu talla suka rufe motar da abolo, wata irin wainar masara, da ƙananan kifin nan soyayyu. Na tambayi wata da yaren Twi ko da wane mai ta soya. Ta ce da man suya. Na sayi abolo kaɗai. A wata mararraba da Awudu ya kwatanta mini na sauka, mai okada ya kai ni sauran hanyar ta cikin gonakin shinkafa.

A ƙofar sansanin, sojan da ke gadi ya buɗe jakata ya ga wuƙaƙe, sai ya kira na biyu. Na biyun ya ƙirga su ya kira na uku. Na ukun ya sake ƙirgawa, ya rubuta a littafi, ya ɗaura wa kowace ’yar takarda. Mai okada ya ce wulaƙanci ne. Ni kuwa tun da na bar gida, a nan hankalina ya fara kwanciya.

Aka sa ni a tantin masu dafa abinci, aka ba ni gadon tamfol mai ƙara. Abinci dokunu ne, tuwon masara mai tsami, da yajin nan shito da kifin gwangwani, da safe kuma shayi a bokiti. A Nima mutum yana cin abinci lokacin da mai wake da shinkafa ta sauke tukunya. A can sai an busa usur, kuma in an sake busawa ka ƙoshi, ko da lomar tana hannunka. Ba a gaisuwa mai tsawo. Na tambayi wani soja ɗan Tamale lafiyar iyalinsa, kafin in kai kan yara ya tafi.

Motocin ƙetare ruwan guda shida ne, an jera su a ƙarƙashin itatuwa. Kowace tana da taya takwas masu kai mini ƙirji, cikinta daga ƙasa kamar na kwalekwale, a bayanta akwai farfela. Awudu ke shugabantar ɗaya. Direbansa Kofur Tetteh ne, ɗan ƙabilar Ga daga unguwar Kokomlemle, wanda ya tashi da yaran zango har ya iya Hausa irin tamu. Abochi yake kirana, kamar yadda suke kiran duk mai sayar da nama. A rana ta farko na same shi yana wanke cikin motar da tiyo. Da ya gama ya ɗaga wani faranti a daɓen, ya ɗauki sifana daga jikin bango, ya kwance wani murfin tagulla mai faɗin tafin hannu, ruwan dattin ya zurare ƙasa. Sannan ya mayar ya ɗaure. Ya ce, "Wannan ne uwar mota, Abochi. In babu shi, mota ya zama bokiti."

Kwana biyu ina kallon yadda suke shiga ruwa. Kafin kowace mota ta motsa, wani zai riƙe takarda yana karantawa, wani yana taɓa abin da aka ambata yana amsawa, sannan saje ya bi baya ya sake taɓawa ya sa hannu. Ƙofa, famfon kwashe ruwa, farfela, murfi. Babu mai dariya, babu mai cewa an ɓata masa lokaci. Na ce wa Awudu ashe dangina suna nan ban sani ba. Ya ce in ina so ya nema mini kaki, amma babu mai girman cikina.

Rana ta huɗu ce babbar rana, wadda dukan motocin za su ƙetare, manya suna kallo daga waccan gaɓar. Masu abinci ma za su bi, kuma an ce ni da kwanukan nama motar Awudu za mu shiga. Saboda haka a rana ta uku da safe muka je wani ƙauye sayen raguna huɗu. Hanyar laka ce, babbar mota ba ta bi, sai muka tafi a ta Awudu. Na tambayi matar da ta sayar mana me ragunan ke ci. Ta ce komai. Na kuma ga juji a bayan gidanta.

A hanyar dawowa ragunan suka yi abin da raguna ke yi in an girgiza su. Da muka iso Kofur ya share da tsintsiya ya ce ya isa. Awudu ya bi takardarsa ya duba motar tsaf saboda gobe, ya sa hannu, ya kai wa Kyaftin, shugabansu ke nan, sannan duk suka tafi taro.

Ni na tsaya ina kallon daɓen. Malaminmu ya karantar da mu cewa fitsarin dabbar da ake cin namanta ba najasa ba ne, sai in dabbar mai cin ƙazanta ce. Naman babu laifi, fitsarin ne ke da magana. To ni ban san ragunan nan ba, ban san tarbiyyarsu ba, matar kuma ta ce komai. Gobe a wannan daɓen zan ajiye dardumata da nama, in zauna da wandon salla. Na tuna maganar Hajara. Na yi ta juya ta, har na gano cewa wankewa ba taɓawa ba ce.

Na jawo tiyo na wanke sau uku. Ruwa ya taru, sai na yi abin da na ga Kofur ya yi: na ɗaga faranti, na kwance murfi. Ruwan yana fita a hankali, na ce bari in bar shi ya tsane. Murfin kuma ban ajiye shi a ƙasa ba. Duk wanda ya tashi a Nima ya san in ka bar tagulla a ƙasa ka juya baya, kafin la'asar ta isa Old Fadama wurin masu awon ƙarfe. Kayan gwamnati ne, amana ce, sai na sa shi a aljihu. Na mayar da farantin don kada wani ya faɗa.

Nan babban kuku ya aiko a kira ni, ya ce rana tana yi. Na yanka raguna huɗu, na feɗe, na gyara. La'asar ta kusa fita, na cire wandon yanka na ƙulle a leda, na yi salla. Bayan nan na koma wurin motar sau uku. Na farko na duba ko na kashe famfon tankin ruwa. Na biyu na duba ko na rataye sifana a inda take. Na uku na sake duba famfon.

Da safe aka jera motoci a bakin ruwa, aka ba kowa rigar da ke hana nutsewa. Na ɗaure tawa har numfashi yana yi mini wuya. Aka fara karatun takarda. Da aka zo kan murfi, Kofur ya ɗaga faranti, bai amsa ba. Awudu ya leƙa, ya ga ciyawa ta cikin ramin.

Abin da ya biyo baya Kofur ne ya faɗa mini daga baya. Ya ce ya ba Awudu shawara su sassaƙa icce su naɗe da roba su toshe, famfo zai kwashe abin da ya ɗiga, babu wanda zai sani. Awudu ya ce mutum goma sha ɗaya ne za su shiga, har da mijin yayarsa. Ya sauka ya je ya sara wa Kyaftin ya ce motarsa ba za ta shiga ruwa ba.

Kyaftin dogon mutum ne ɗan Kumasi, ba ya ɗaga murya. Ya zaro takardar jiya ya nuna wa Awudu sa hannunsa, ya tambaye shi ko ya sa hannu ne a kan abin da bai duba ba. Awudu ya ce ya duba. Kyaftin ya ce to ko dai murfin ya yi fiffike, ko saje ya yi ƙarya, kuma zai rubuta ɗaya daga ciki. Sannan ya tsayar da dukan motocin shida, don bai san ko an taɓa sauran ba. Rediyonsa tana ta ƙara daga waccan gaɓar, inda manya suka zauna a ƙarƙashin rumfa.

Aka jera sojoji kafaɗa da kafaɗa suna bin ciyawa da hannu daga itatuwa zuwa ruwa. Ni ma na durƙusa na shiga layi. Ina nema da zuciya ɗaya, ina kuma jin haushin duk wanda ya yi wannan sakaci. Har na ce wa sojan da ke kusa da ni mutane yanzu ba sa duba aikinsu. Mun kusa rabin awa a haka. Sai na ji wani yana tambayar Kofur girman abin, Kofur ya buɗe tafin hannunsa ya nuna. Na dubi nawa tafin. Sai na tuna wandon yanka.

Ban yi gudu ba, don rigar ba ta bari. Kayana suna cikin motar, na jawo jaka, na kwance ledar. Murfin yana nan a aljihun dama, ya ɗan yi jini.

Da na ɗago, Kofur yana tsaye a ƙofa. Ya dubi murfin, ya dube ni, ya faɗi wata kalma da Ga wadda ba zan rubuta ba. Sannan ya rage murya ya ce in ba shi ya jefa a ƙarƙashin taya, wani ya tsinta, kowa ya huta. In na faɗi gaskiya, ya ce, za a iya tafiya da ni bariki, a ce ɓarna na zo yi. Na tambaye shi, in aka tsinta a ƙarƙashin taya, me Kyaftin zai rubuta a kan Awudu. Ya ce sakaci. Na ce ragon tsohuwa fa. Ya ce wane rago kuma.

Daga motar zuwa inda Kyaftin yake bai fi taku talatin ba. Na yi su ina riƙe da murfin da hannu biyu. Ban san ko farar hula yana sarawa ba, sai na yi sallama. Awudu yana tsaye a ƙame a gefensa. Da ya ga abin da ke hannuna ya rufe ido.

Na yi bayani da Twi, da Turancin da nake da shi. Na fara daga matar ƙauyen da jujinta, na zo kan hukuncin fitsari, da bambancin rago mai kiwo da rago mai yawo, da halin tagulla a Nima, da wando biyu. Na ce Saje ya duba motarsa da kyau, ina wurin, bayan ya tafi ne na kwance. Kyaftin bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "To yanzu motar ta tsarkaka?"

Na ce in sha Allahu, sau uku na wanke.

Ya juya ga Awudu ya ce barin farar hula shi kaɗai kusa da mota laifi ne, kuma saboda shi Saje zai cike ramukan ban ɗaki na sansanin nan da hannunsa kafin a tashi. Amma takardar jiya gaskiya ce, kuma sajen da ya tsayar da motarsa manya suna jira, maimakon ya toshe ta da icce, wannan ma zai rubuta. Ban san yadda ya san maganar iccen ba. Kofur ya dubi sama. Ni kuma Kyaftin ya ce tunda na iya kula da murfi haka, ni zan zauna a kansa har waccan gaɓar.

Kofur ya ɗaure, Awudu ya taɓa, Kyaftin ya taɓa. Na roƙi izini ni ma na taɓa. Aka rufe ƙofa.

Masu tambaya yaya ƙetarewar take, ga abin da na sani. Motar tana gangarawa, sai ka ji tayoyi sun daina taka komai, cikinka ya biyo baya. Ƙarar inji ta canza, ruwa yana bugun ƙarfe daidai kunnenka. Ciki zafi, ga warin gas da na ɗanyen nama. Na dafe farantin da ƙafa biyu ina karanta duk abin da na haddace, har da addu'ar shiga kasuwa. Sau ɗaya na leƙa ta wata ’yar taga. Na ga wani tsoho a kwalekwale da buhunan rogo da akuya, ya wuce mu, bai ko juyo ba. Wani soja ya ce minti tara muka yi. Ban yi masa gardama ba, amma ban yarda ba. Da tayoyi suka kama ƙasa na ɗaga farantin na shafa. A bushe yake.

Manya suka ci naman, wani mai taurari a kafaɗa ya ce ya yi daɗi. Awudu bai yi mini magana ba sai washegari, ina taya shi cike ramuka. Ya ce da ya san haka ne da ya ɗauko mahaucin da ba ya salla. Na ce ya yi haƙuri. Ya miƙo mini shebur mafi nauyi. Da zan tafi aka ƙirga mini wuƙaƙena uku a ƙofa, aka kuma laluba aljihuna, abin da ba a yi ba ranar da na zo.

Labari ya riga ni isa gida. Hajara ta ba ni ruwa, ta ba ni tuwo, ba ta tambaye ni hanya ba. Sati bakwai muka yi a haka, kullum ina lissafin shekarun ragon nan. Ran nan ina shago Awudu ya kira. Bai yi sallama ba, ya ce in wasa wuƙa ranar Asabar, tsohuwa ta ce ni zan yanka ragon. Naman ya yi tauri, sai da aka daɗe ana dafawa, amma babu wanda ya bar nasa.

Har yanzu ina komawa in ja kwaɗo. Abin da ya canza shi ne Hajara ba ta neman inuwa. Tana tsayawa a bayana kamar mai riƙe da takarda.

"Kwaɗo?"

"An kulle."

"Famfo?"

"An kashe."

"Aljihu?"

Sai in zazzage mata su, na dama da na hagu, sannan mu tafi.